Tambayi Kyaftin: wai 'yar fitila ɗaya ce za ta hana ƙaton jirgi tashi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon kamar haɗa baki kuka yi, kusan duk saƙonnin da suka shigo kan gyaran jirgi ne da masu zuwa bincike, don haka na tsamo guda 6 na haɗa su wuri ɗaya. Waɗanda ba su ga nasu ba a yi min afuwa, edita ne ya ce fili ya ƙare.

Tambaya: Kyaftin barka da aiki. Ni dai abun da ya faru da ni ne ya ɗaure min kai, mun shiga jirgi mun zauna kusan awa 2 ba tashi, direban ya ce wai wata fitila ce ta kama a gabansa suna jiran injiniya, can kuma ya dawo ya ce ba a gyara ba amma doka ta yarda mu tafi a haka. Wallahi har muka sauka addu'a nake. In ba gyarawa za a yi ba me ya sa aka ɓata mana awa 2, in kuma abun mai haɗari ne don me aka tashi da mu? Daga wata Hajiya mai yawan tafiya.

Amsa: Hajiya sannu da haƙuri, addu'a kuma ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma bari in gaya miki abun da ba a cika gaya wa fasinja ba, da wuya ki hau jirgin da komai da komai nasa ke aiki cif-cif. Kullum akwai ɗan wani abu, ko kujera ta ƙi kwanciya, ko famfon bayi, ko wata na'ura cikin uku masu aiki iri ɗaya. Tun wajen ƙira an yi muhimman abubuwa bibbiyu ko uku-uku saboda irin wannan ranar.

Akwai wani kundi da muke kira MEL, jerin abubuwan da aka yarda a tashi ko da sun lalace ne. Kamfanin da ya ƙera jirgin shi ke tsara uwar kundin, hukuma ta sa hannu, sannan kowane kamfanin sufuri ya fitar da nasa, kuma nasa yana iya fin na asali tsanani amma ba ya iya fin sa sassauci. Kowace lalura da sharaɗinta da wa'adinta, wata kwana 3, wata kwana 10, wadda ba ta taka kara ta karya ba har kwana 120, wa'adi na cika jirgi ya zauna ko da tikiti nawa aka sayar. Sharaɗin kuma shi ne ya cinye miki awa 2 ɗin. Misali na'urorin da ke ba ku iskar shaƙa a sama guda biyu ne a yawancin jirage, in ɗaya ta mutu ana iya tafiya amma ba za a hau can ƙololuwa ba, to tafiya ƙasa-ƙasa ta fi shan mai, kin ga sai an sake lissafi an kira motar mai ta ƙaro, injiniya ya kashe na'urar yadda littafi ya ce, ya manna 'yar takarda a kan makunninta, ya rubuta a littafin lafiyar jirgi ya sa hannu, sannan kyaftin ya karanta ya ce ya karɓa. In radar hango hadari ce ta mutu kuma ana sa ran tsawa a hanya, maganar tafiya ma ba ta taso ba. Kuma ko kundi ya ce a tafi, kyaftin na da ikon ya ce shi bai gamsu ba, na sha yin haka, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kina son ki ga abun da ke faruwa in aka tsallake kundin nan, a watan Yulin 1983 wani Boeing 767 na Air Canada, sabo fil, ya tashi agogon mansa duk a mace alhali kundi bai yarda da haka ba. Suka auna man da sanda daga ƙarƙashin fiffike, wajen lissafi aka rikita kilo da laba, kilo 22,300 suke buƙata ashe laba 22,300 ke cikin tanki, ko rabi bai kai ba. Suna can ƙafa 41,000 mai ya fara ƙarewa, injin ya mutu ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya sa kyaftin ɗin gwanin tuƙa jirgin nan marar inji ne, ya lallaɓa ya dire a wani tsohon filin soja a garin Gimli inda mutane ke tseren mota a ranar, ba wanda ya mutu. To direbanku da ya zaunar da ku yana ta rubuce-rubuce, ni da zan gan shi hannu zan ba shi.

Tambaya: Baba Kyaftin ni ɗalibi ne ina burin zama matuƙi. Wai ku ma akwai masu tare ku su ce kawo lasisi kamar yadda ake yi wa direban mota? Kuma in sun kama ka da laifi me suke yi?

Amsa: Ɗana ana tare mu mana, sai dai a ƙasa ba a sama ba. Tushen abun yarjejeniyar Chikago ce ta 1944, ita ta haifi hukumar ICAO mai hedkwata a Montreal ta Kanada, ita ke tsara ƙa'idojin da ƙasashe ke bi, amma ba ita ke zuwa ta kama mutum ba, kowace ƙasa da hukumarta, kamar FAA a Amurka, Turai kuma suna da EASA da ke Jamus a saman hukumomin ƙasashensu. Kuma duk ƙasar da ka sauka tana da damar ta binciki jirginka ko da baƙo ne kai.

Sufetocin hukuma ba sa yin sallama tun daga nesa. Ka kashe inji kenan fasinja na fita, kana tunanin minti 50 gare ka kafin ka juya, sai ka ga mutum biyu da 'yar falmaran ɗin nan mai ɗaukar ido sun hawo, ɗaya ya miƙo katin shaida ya ce barka da sauka kyaftin. Ɗaya ya zauna da kai a gaba, kawo lasisi, kawo takardar likita, in takardar ta ce kana sa tabarau to ina na biyun da ake ajiyewa ko da wancan zai karye, kawo takardun jirgi, lissafin mai, lissafin nauyi, littafin lafiyar jirgi shafi-shafi. Ɗayan yana baya yana leƙa ƙarƙashin kujera ko rigar ruwa na nan, yana juya tukunyar kashe gobara ya ga kwanan wata, daga nan ya sauka da tocila yana duba taya da birki da inda mai ke ɗiga. A Turai jerin nasu ya haura abu 50, kuma laifi hawa uku ne, na farko a faɗa maka da baki, na biyu takarda ta tafi kamfaninku da hukumar ƙasarku, na uku kuwa sai an gyara ko an sa maka sharaɗi kafin ka motsa, in ta kama su ajiye jirgin. Sakamakon nan taruwa yake, yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen jerin kamfanonin da Tarayyar Turai ta hana shiga sararinta, wanda ta fara fitarwa a 2006.

Ni nawa kamun da ba na mantawa, a wani kamfani da na taɓa yi wa aiki, wata 'yar na'ura ce aka ɗage gyaranta na kwana 10, wani a ofis ya yi kuskuren ƙirga, wa'adin ya cika tun sha biyun daren jiya, ni kuma na karanta shafin da safe ban ƙirga da kaina ba. Sufeton bai ɗaga murya ba, yatsa kawai ya ɗora kan kwanan watan ya juyo min da littafin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Awa 5 muka yi kafin a samo kayan, tun daga ranar da yatsu nake ƙirgawa kamar ɗan firamare.

Wannan duk mai sauƙi ne in aka kwatanta da simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi. Kusan duk wata 6 za a sa ka a akwatin nan mai motsi a kashe maka inji ana tsakar tashi, a kunna maka gobara, mai jarrabawa na bayanka da biro, in ka faɗi ba ka komawa jirgi sai an sake horar da kai. Likita duk shekara, in ka kai 60 duk wata 6, a 65 kuma ka ajiye tuƙin fasinja tsakanin ƙasashe. In ba ka son jarrabawa ɗana tun wuri ka sake shawara.

Tambaya: Malam na ga wani hoto yana yawo a WhatsApp, ma'aikaci ya hau kan fiffiken jirgi yana liƙa salatif, mutane na ta zagi. Da gaske da salatif ake ɗaure jirgi?

Amsa: Hoton ƙila gaskiya ne amma ba salatif ɗin ɗaure kwali ba ne. Na alminiyom ne mai jure zafi da sanyi da iskar gudun jirgi, ana rufe ɗan wurin da fenti ya ɓare ko wata 'yar marfi da ba ta ɗaukar nauyi, na ɗan lokaci, littafin gyara ne ke faɗin inda aka yarda a sa shi, kuma a rubuce yake ana duba shi har a yi gyaran gaske. Ba a ɗaure fiffike da shi.

Salatif ɗin da ya taɓa kashe mutane wanda aka manta ne. A Oktoban 1996 a Lima ta ƙasar Peru, an goge jikin wani Boeing 757 na Aeroperú, aka liƙe wasu 'yan ƙananan huji da ke gefen jirgin don kar wani abu ya shiga, aka manta ba a cire ba. Ta hujin nan jirgi ke sanin tsayinsa da gudunsa. Suka tashi da dare a kan teku agoguna na ta yi musu ƙarya, har suka faɗa ruwa, mutum 70 ba wanda ya fita. Shi ya sa in kun hango ɗayanmu yana zagaya jirgi da tocila yana ɗaga kai kamar mai neman wani abu da ya ɓace, hujin nan na cikin abun da yake nema.

Tambaya: Ranka ya daɗe don Allah a sakaya sunana. Ni mataimakin matuƙi ne, shekarata 2 da fara aiki. A wurinmu in ka ga matsala da safe sai a ce kar ka rubuta yanzu, bari sai tashin ƙarshe da dare in mun dawo gida inda injiniyoyinmu suke, wai in ka rubuta a wani gari jirgi zai maƙale. Wani kyaftin har ce min ya yi ni yaro ne ban san aiki ba. Ina tsoron a sa min ido, ga bashin makaranta ban gama biya ba. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanena na ji ka, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ban san wannan ɗabi'ar ba, tsohuwa ce, duk inda jirgi ke tashi an san ta. Za ka ga littafi fes tun safe, tashin ƙarshe na yi sai matsaloli 4 su fito lokaci guda kamar da agogo suke lalacewa. Sufetoci ma ba yara ba ne, suna ganin wannan salon. Doka dai ba ta da lanƙwasa a nan, abun da aka gani a rubuta shi a ƙarshen wannan tashin, ba na dare ba.

Ni lalacewar da aka rubuta ba ta hana ni barci, tana da mai ita, tana da wa'adi, wanda zai karɓi jirgin bayana zai gani. Wadda ke cikin kan mutum ɗaya ita ce matsala. A ranar 11 ga Yulin 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai. Makanikai sun san tayu biyu iskarsu ta yi ƙasa tun kwanaki kafin nan, har an taɓa alƙaluman da ke takarda, da safen an nemi a ƙara naitirojin, iskar da ake sa wa tayar jirgi, ba a samu a kusa ba, mai kula da jigilar ya ƙi yarda a makara. Ana gudu a titi tayu suka fashe suka kama wuta, matuƙan ba su san wuta ce ba suka naɗe tayun cikin jirgi. Mutum 261, ba wanda ya tsira. Iskar taya fa, abun da bai fi aikin 'yan mintoci ba in da an jira.

Gaggawa ba matuƙi kaɗai take ci ba. Yunin 1990 a Ingila, wani babban injiniya a aikin dare ya canza gilashin gaban wani jirgin British Airways, maimakon ya buɗe littafi ya ga lambar ƙusoshin sai ya ɗauki tsohuwar ƙusa ya je sito yana gwadawa da ido. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to ranar bai sani ba, 84 cikin 90 sun fi na ainihi siranta da abun da bai kai milimita ɗaya ba. Suna haura ƙafa 17,000 gilashin ya fita, iska ta zuƙe kyaftin Tim Lancaster rabin jikinsa a waje, ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa kusan minti 20 har mataimakinsa ya sauka a Southampton. Ya rayu, har ya koma tuƙi bayan 'yan watanni. Na Alaska Airlines a Janairun 2000 kuwa giris ne, an yi ta tsawaita lokacin shafa wa wani dogon ƙarfe mai tiredi da ke juya wutsiyar jirgin, da amincewar hukuma ma, har tiredin ya cinye, mutum 88 suka tafi a tekun Kalifoniya. Na kawo wannan don ka san hukuma ma tana iya yin sake.

To a aikace, littafin a hannun kyaftin yake, ba kai za ka fizge biro ba. Amma faɗi abun da ka gani a fili, da ladabi, cikin ɗakin tuƙi inda na'ura ke naɗar murya, ka ce kyaftin ina ganin mu duba MEL. Sau da yawa in aka buɗe sai a ga abun ana iya ɗage shi cikin minti 20, tsoron banza ake yi. In abun ya shafi birki ko taya ko inji ko sarrafa jirgi aka ce a yi shiru, kana da ikon ka ce ba da kai ba, jirgin mutum biyu ba ya tashi da mutum ɗaya. Sannan ka cike fom ɗin rahoton lafiyar aiki na kamfaninku, ka ajiye kwafi da kwanan wata, in ba a yi komai ba hukumar ƙasarku na karɓar rahoto. A Amurka tun 1976 suka miƙa wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya, karɓar irin wannan rahoton a asirce, da gangan aka ba wadda ba ta hukunta kowa don mutane su saki jiki. Za a iya sa maka ido? Za a iya, ba zan ɓoye maka ba. Amma ranar da aka zo bincike wanda ya ce maka bari sai dare ba zai tuna ya faɗa ba, lasisinka ne a kan tebur, kuma da shi za ka biya bashin.

Tambaya: Kyaftin ni in na ga jirgi ya tsufa kujeru sun koɗe sai gabana ya faɗi. Ba gara a hana tsofaffin jirage tashi ba gaba ɗaya? Daga wata uwar yara.

Amsa: 'Yar uwa koɗewar kujera ba ta faɗin komai. Mu ba shekaru kaɗai muke ƙirgawa ba, awannin tashi da kuma sau nawa ya hau ya sauka, don duk hawa jikin jirgi kumbura yake kaɗan saboda iskar da ake matsawa ciki, in ya sauko ya saki, kamar ki yi ta lanƙwasa waya har ta karye. Afrilun 1988 a Hawai wani Boeing 737 na Aloha da ya yi sawu kusan 90,000 na gajerun tafiye-tafiye tsakanin tsibirai, ga iskar gishiri, rufinsa na gaba ya yaye a ƙafa 24,000, fasinja na zaune suna kallon sama. Ma'aikaciya ɗaya ce ta rasu, matuƙan suka sauke shi. Daga baya wata fasinja ta ce ta ga tsaga a jikin jirgin tana shiga amma ba ta faɗa wa kowa ba, don haka in kin ga abu ki faɗa, ba wanda zai yi miki dariya. Bayan wannan ne aka tsananta dokokin duba tsofaffin jirage. Yanzu ban da ƙananan dubawa na kullum da na bayan 'yan ɗaruruwan awanni, akwai babba da ake yi bayan shekaru inda ake kwance jirgi kusan tsirara, kujeru da bene duk a fitar, a bi ƙarfe da na'ura ana neman tsaga da tsatsa, sai ya yi makonni a gareji.

Sabo kuma ba shi ne lafiya ba. Wanda murfin ƙofarsa ya fita a sama ranar 5 ga Janairun 2024 bayan tashi daga Portland ta Amurka, Boeing 737 MAX 9 ne da bai cika wata 3 da fitowa daga masana'anta ba, ƙusoshi 4 ne ba a mayar ba tun can, FAA ta ajiye guda 171 sai da aka duba su. Allah Ya kiyaye ba kowa a kujerun da ke jikin wurin.

Tambaya: Yallaɓai tunda kun san jirgi ciki da waje me zai hana ku ɗauki sifana ku gyara da kanku a huta da jiran injiniya?

Amsa: Malam wa ya ce maka mun san shi ciki da waje? Lasisina na tuƙi ne, nasa na gyara ne, kuma shi ma sai an ba shi izinin wannan samfurin jirgin kafin sa hannunsa ya yi aiki. In na taɓa noti ɗaya ba izini jirgin ya zama marar takarda, ni kuma na shiga uku. Iyakacina abun da littafin tuƙi ya yarda, wani lokacin in kashe wata kwamfuta in ƙirga daƙiƙoƙin da aka ce in sake kunnawa, kamar dai yadda kake yi wa wayarka in ta ƙame. Yana aiki fiye da yadda nake son in amsa a gaban fasinja, amma ko ya yi aiki sai na rubuta, don in abu ya yi haka sau 3 a sati injiniya zai so ya sani.

A ci gaba da turo tambayoyi, wanda ya tambayi maganar tsuntsu da inji ya jira wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.